Ramin da injinmu bai gani ba

Farkon zuwana ɗakin haɗa maganin allura na ɗauka in inji ya nuna jakar ajiye magani ta ci gwajin yoyo to shikenan magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba.

Jakunkunan nan ledoji ne masu hawa-hawa, sau ɗaya ake amfani dasu a jefar, suna zuwa ne a rufe an riga an kashe ƙwayoyin cutar cikinsu da wani haske mai ratsa leda da ake kira gamma, kuma a ciki muke ajiye ruwan magani irinsu rigakafi da furotin da sai an kwashe makonni ana renon ƙwayoyin halitta kafin a samu. Ɗigo ɗaya in ya fita ba asarar ɗigon bace take tayar mana da hankali, hanyar da ya bi ya fita ita bakteriya zata bi ta shiga, kuma a jijiyar mara lafiya abun zai ƙare.

Gwajinmu na saukar presha ne, wato matsin iska. A sa jakar tsakanin faranti biyu na ƙarfe don kar ta kumbura ta fashe, a hura mata iska ta filta mai ƙofofin maikiron 0.2 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a jira ta natsu, a rufe bawul, inji ya duba ko presha na raguwa, in ya ragu alamar akwai rami kenan. Wata ranar ina sauri na saka wata jakar lita 50 ban shimfiɗa ƙyallen nan mai ƙofofi da ake sawa tsakanin leda da ƙarfe ba, a raina nace meye amfaninsa. Inji yace lafiya lau, aka zuba mata ruwa. Washegari da safe na ɗaga gefen jakar sai ga wani ɗan farin zobe a kan tire, gishirin ruwan da ya ɗiga ya bushe, faɗinsa bai kai farcen yatsa ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Allah ya taimaka ruwan bafa ne a ciki, wato ruwan gishirin da ake haɗa magani dashi, ba maganin kansa ba.

Ogana bai min faɗa ba, cewa yayi "zo nan, sake gwada min ita amma da ƙyallen." Nan take ta faɗi gwajin. Ashe iskar da na hura ce ta manne ledar jikin ƙarfen ta toshe ramin, da hannuna na ɓoye abun da nake nema.

Daga nan na fara karatun abun sosai, musamman da dokar Annex 1 ta Tarayyar Turai, wadda ta shafi haɗa magunguna marasa ƙwayoyin cuta, da aka sabunta a 2022 ta fara aiki a Agustan 2023 ana ta tambayarmu hujja akan jakunkunan nan. Nan na gane cin gwaji ba yana nufin babu rami bane, yana nufin babu ramin da ya kai girman da hanyar zata iya gani, kuma duk yadda jaka ta ƙara girma idon injin na ƙara dushewa. Gwajin iskar hiliyom da masu ƙera jakar keyi yana kama rami kaman maikiron 2, gashin kai kuwa wajen maikiron 70 ne. Akwai kuma akasin haka, sanyin AC in ya bugi jakar ko ledar bata gama miƙewa ba presha zai sauka babu ko rami, na sha zubar da jaka mai kyau kafin na koyi haƙurin jira.

Da aka bi diddigin waccan jakar an tarar bakin reza ne ya shafe ta wajen buɗe kwali. Yanzu duk sabon ma'aikaci da aka haɗa ni dashi, kafin na nuna masa injin sai na karɓe rezar aljihunsa tukunna, sannan mu buɗe kwalin farko tare.