Ƙazafin da na yi wa auren Kitty Wells

Mako biyu ke nan, amma da na tuna sai gabana ya faɗi. Ina gabatar da shirin waƙoƙin kantiri, wato salon waƙar karkarar Amurka, a rediyo daren Lahadi, masu saurarona kuma yawanci dattawa ne da suka taso da Don Williams da Dolly Parton. Na ce bari in kai su wajen wadda ta share wa su Dolly hanya, Kitty Wells, haifaffiyar Nashbil ta Amurka a 1919.

Na sa waƙarta ta 1952, "It Wasn't God Who Made Honky Tonk Angels", wadda da ita ce mace ta fara hawa saman jadawalin kantiri na mujallar Billboard ita kaɗai. Martani ce ga waƙar Hank Thompson da ta ɗora wa mace laifi. Kitty ta ce maza masu cin amanar aure ne ke ɓatar da mata. Daga nan na saki baki. Na ce da hannunta ta rubuta, saboda baƙin cikin da ta ƙunsa a gidan miji. Minti goma ina gini a kan wannan.

Sai wani dattijo ya bugo waya. "'Yata, a ina kika samo wannan labari?" Na ce, "Baba, ai baitocin ne suka nuna." Ya ce namiji ne ya rubuta, J. D. Miller, kuma Kitty ta yi kusan shekara 74 da mijinta Johnnie Wright, mutuwarsa ce ta raba su a 2011. Gumi ya keto min, makirfo a buɗe.

Abin da ya fi ƙona min rai, sunan Miller na nan ƙarƙashin sunan waƙar da ƙananan baƙaƙe, ban duba ba. Kuma ainihin labarin ya fi nawa daɗi: Kitty tana shirin barin waƙa ta zauna da 'ya'yanta, dala 125 na ladan ɗaukar murya ne ya kai ta situdiyo ta rera wa kamfanin waƙoƙi na Decca. Gidan rediyon NBC ya hana sa waƙar, jama'a suka yi ta saya.

Abokan aiki, don Allah ku riƙa duba wanda ya rubuta kafin ku ce mawaƙi rayuwarsa yake rerawa. Matar da ta rasu tun 2012 na yi wa aurenta ƙazafi. Lahadin da ta biyo, da neman afuwa na buɗe shirin, sannan na sake sa waƙar.