Farin zanen nan na kan titi, na mai ƙafa ne

Tambayi direbobin adaidaita sahu a Kano amfanin farin zanen da ake yi a gicciye a kan kwalta, wasu za su ce maka ado ne kawai. Alhali dokar hanya ta Najeriya, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ke kula da ita tun kafuwarta a 1988, ba ta ɓoye komai ba: da zarar mai tafiya ƙasa ya sa ƙafa a kan zanen, hanya tasa ce, direba ya tsaya. Ba a kuma wuce motar da ta tsaya wa mai tsallakawa, don ba ka ganin wanda ke gabanta. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin mai mota zai taka birki, sai ɗan acaɓa ya kutso ta gefe.

Mu ma masu ƙafa da namu laifin. Ga gada an gina, amma sai ka ga magidanci ya naɗe babbar riga yana haura shingen tsakiyar titi. Tsoho mai ciwon gwiwa dai ina masa uzuri, matakalar akwai tsawo.

Yarana kuwa hagu nake koya musu su fara dubawa, sannan dama, su sake duba hagu, tunda daga 1972 hannun dama muke tuƙi. In babu gefen masu ƙafa, su bi ɓangaren da za su fuskanci motocin da ke tahowa, da dare kuma ban yarda su fita da baƙaƙen kaya ba.