Jirgi ɗaya a sama, hoton wani a allo

Tun da na haɗa 'yar na'urar karɓar siginar jirage, wato ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da eriya mai sauraron mita 1090 MHz, na tsinci kaina ina bin diddigin jiragen da shafukan bibiya ke liƙa wa bayanan da ba nasu ba. Sai ka danna jirgi, a rubuta maka Boeing 737, hoton kuma ya fito na ƙaramin jirgi mai farfela. Wani lokaci tsayin da yake tafiya a sama da gudunsa na jirgin fasinja ne tsaf, amma shafin ya dage cewa mai saukar ungulu ne.

Abin da ya warware mini zare shi ne duba ɗanyen saƙon da na'urata ke kamawa. Ta tsarin ADS-B, wato hanyar da jirage ke watsa bayanansu ta rediyo, jirgi yana shelar inda yake, tsayinsa, gudunsa, sunan kiran da matuƙi ya shigar, da wata lamba mai bit 24 da ake rubutawa da haruffa da alƙaluma shida, wadda masu wannan harka ke kira heks. Ba ya faɗin samfurinsa, ba ya faɗin mai shi, balle hoto. Duk waɗannan shafin ne ke zaƙulo su daga rumbun bayanansa: daga heks ya samo lambar rajista, daga rajista ya samo hoto. Shafin bibiya na Flightradar24, alal misali, daga shafin hotunan jirage na JetPhotos yake ɗauko hotuna, wasu kuma daga irinsa mai suna Planespotters. Mutane ne ke cika rumbunan nan, kuma jirage ba sa jiran su gama.

Mafi yawan kurakuran da na bi, a rajista suka ƙare. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ware wa kowace ƙasa jerin lambobinta na heks, don haka idan aka sayar da jirgi daga Jamus zuwa Ingila, rajistarsa mai farawa da D za ta koma mai farawa da G, heks ɗinsa ma ya canja. A Amurka kuwa heks ɗin yana bin lambar rajista mai farawa da N ne kai tsaye, kuma ana iya sake ba wani jirgi lambar da aka soke. Nan ne ƙaramin jirgin da aka daɗe da ajiyewa ke gadar wa sabon jirgi hotonsa. Akwai kuma wanda ya fi ba ni wuya: makaniki ya sauya na'urar amsa sigina, ya shigar da heks ba daidai ba, jirgin ya riƙa yawo da shaidar wani. Wannan gyaransa yana jikin jirgin, shafi ba shi da laifi.

Ba kowane saɓani ne kuskure ba, kuma wannan ya kamata sabon shiga ya riƙe. Kamfani kan yi hayar jirgi da matuƙansa daga wani kamfanin, sai sunan kira ya nuna mai haya, fenti ya nuna mai jirgi, duka biyun kuma gaskiya ne. Haka idan aka musanya jirgi dab da tashi, jadawali zai ci gaba da cewa samfurin Airbus A320 ne alhali wani ne ya tashi. Hoto mai tsohon fenti ma daidai yake, shekaru ne suka wuce shi.

Yanzu kafin in kai ƙorafi, lambar masana'anta nake fara nema, wadda ake kira MSN. Rajista na canjawa, fenti na canjawa, ita kam tana tare da jirgin har ranar da za a wargaza shi. Ina gwada ta da rajistar hukumar ƙasar idan a buɗe take, kamar ta hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ko G-INFO ta Ingila. Sannan in ƙura wa hoton ido: rubutun da ke kusa da wutsiya, adadin ƙofofi, siffar inji. Bayan injin 737 MAX yana da tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, na 737-800 ba shi da su, kuma B38M (lambar samfurin 737 MAX 8) da B738 (ta 737-800) ba abu ɗaya ba ne ko da sun yi kama daga nesa.

Na damu da wannan ne saboda na ga yadda mutane ke ɗaukar hoton allo su yaɗa, musamman idan jirgi ya shiga matsala, iyalai na cikin zullumi, ga hoton wani jirgi daban yana yawo da sunan kamfanin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa idan na tura gyara nake haɗawa da heks, rajista, MSN, rana da lokaci a agogon duniya na UTC (daidai da GMT), da madogarata. Masu duba ƙorafi sun fi saurin karɓar irin wannan. Kuma dole in tura wa kowane shafi daban, domin rumbunansu ba ɗaya ba ne: wani ya gyara a cikin mako, wani ya bar tsohon hoton watanni.