Kafin ka canza firintar mai shago, ka san yadda tsohuwar manhajarsa take bugawa

Ƙannena masu koyon gyaran kwamfuta a Kaduna, ko kun fito daga Poli ne ko a shagon oga kuka koya, akwai aikin da zai same ku wanda ba a cika koyarwa ba. Har yanzu za ku tarar da masu sari a wajen Ahmadu Bello Way da Kasuwar Barci suna riƙe lissafinsu da manhajar zamanin DOS (tsohon tsarin kwamfuta da ya riga Windows), irin wadda aka rubuta da FoxPro ko Clipper. Allonta baƙi ne ko shuɗi, ba ta san linzami ba, amma duk bashin da ake bin mutane yana cikinta. Kada ku raina ta.

Ni na raina ta, kuma kuɗin wani ne ya tafi. Wani Alhaji mai kayan gyaran mota ya ce yana son kwamfutocinsa biyu su riƙa buga rasit a firinta ɗaya. Na ga tsohuwar Epson mai allura tana ƙara, na ce: "Alhaji, a sayi leza mai USB kawai." Ya yarda da ni, ya saya. Word ya buga lafiya lau, manhajar lissafi kuwa ko takarda ba ta motsa ba. Ranar nan yaron shago da biro ya rubuta rasit, kwastomomi na tsaye.

Abin da ban bincika ba shi ne: irin wannan manhaja ba ta bi ta direban Windows. Tsohuwar kafar jona firinta ta sani, yawanci LPT1, tana zuba mata rubutu tsura haɗe da umarnin ESC/P na Epson. Yawancin ƙananan leza masu araha kuwa sai Windows ta zana musu shafi kafin su buga, rubutu tsura ba ya musu ma'ana. Don haka kafin a fitar da ko sisi, duba takardar bayanin firintar. Idan tana jin PCL (yaren firinta na HP) ko ESC/P akwai hanya. Idan ba ta ji, bar ta a kanti, ko ka nemi manhajar tsakani irin DOSPRN da za ta juya mata aikin.

Haɗawar kanta ba wuya. A kwamfutar da firinta take jone, ka raba ta da gajeren suna, harafi 8 ko ƙasa, ba tazara. A ɗayar ka buɗe cmd ka rubuta:

net use LPT1: \\KANTA\RASIT /persistent:yes

KANTA sunan kwamfutar ne, RASIT sunan da ka ba firintar. Idan injin da ka rubuta umarnin a kai yana da kafar LPT1 ta gaske, Windows kan hana wanda ba admin ba karkatar da ita. Sai ka kashe kafar a BIOS, ko ka saita manhajar ta koma LPT2. In leza ta karɓi aiki ta riƙe takarda, manhajar ce ba ta aika alamar ƙarshen shafi ba. In kuma rasit yana jinkirin kusan daƙiƙa 15, ba netwok ba ne, LPT_timeout ne a rajistar Windows, kuma ana rage shi.

Kada ka yi wa kwamfutar fomatin ka ɗora Windows mai 64-bit, domin ba ta buɗe manhajar DOS sam. Sai mai 32-bit, ko ta cikin manhajar da ke kwaikwayon DOS, irin vDos ko DOSBox-X. Kuma kafin ka taɓa komai, kwafe fayilolin DBF, inda manhajar ke ajiye lissafin, a filashi biyu, ka ba mai shago ɗaya a hannunsa.

Wani zai ce maka ka kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil da firinta a netwok, don injin mai Windows XP ya ga sabuwar Windows. Zai yi aiki, amma ta wannan ƙofar bairos ɗin WannaCry ya shiga kwamfutoci a 2017, kuma Microsoft ta daina tallafa wa XP tun Afrilun 2014. Idan ba makawa, to ka cire injin daga intanet gaba ɗaya, ka kuma faɗa wa mai shago dalili.

Firintar da ke jone da rauta kai tsaye kuwa, ka ba ta IP tsayayye, don in an ɗauke wuta an dawo, rauta na iya raba sabbin lambobi, gobe da safe a kira ka. Kafin ka karɓi kuɗin aikinka, kashe komai, sake kunnawa, ka sa yaron shagon ya shiga da asusunsa ya buga rasit na gaske a gabanka.