Tsohon bulon kaki da wahalar ciro RNA a cikinsa

Satin nan kusan kullum ina gaban maikirotom, na'urar yanka nama siriri-siriri, ina yankan tsofaffin bulon kaki masu nama a ciki har wuyan hannuna ya fara ciwo, shi ne na ce bari in ɗan rubuta abin da ke raina.

Ga wanda bai san harkar ba, naman da likita ya yanko a jikin mutum don a duba, a fomalin ake fara tsoma shi, sai a tsane ruwan a zuba narkakken kakin farafin ya daskare ya zama ɗan bulo, FFPE kenan da kuke ji. Tun 1893 Ferdinand Blum ya lura sinadarin yana sandarar da nama, kuma don kallo a maikiroskof aka riƙe dabarar, wa ma ya san RNA a lokacin. To mu kuma shi muke nema, don shi ke nuna wace ƙwayar gado ce a kunne wacce a kashe, kuma da wane ƙarfi take aiki.

Nan fa ake yinta. Fomalin yana ɗaure RNA da furotin tamau, sannan shekaru da zafi da danshi su bi su daddatsa shi, sai ka narke kakin da sinadarin zailin ka wanke da itanol ka sa proteinase K mai cinye furotin ka dumama zuwa digiri 80 don ɗaurin ya ɗan saki, amma duk da haka abin da zai fito gutsi-gutsi ne. Ma'aunin RIN, mai nuna ko RNA bai daddatse ba, daga 1 zuwa 10 yake, naman firiza mai kyau zai ba ka 8 ko sama, bulo kuwa in ka ga 2 da ɗoriya kar ka yi mamaki. Shi ya sa yanzu DV200 nake dubawa, wato kashi nawa na gutsattsarin ne tsawonsu ya haura haruffan gado 200, in bai kai kashi 30 ba gaskiya kar ka ɓata kuɗinka.

Ni dai na ɓata nawa. Karon farko sai na bi hanyar da na saba da ɗanyen nama, wadda ake kamo RNA ta wutsiyarsa ta poly-A, ashe kamun ƙadangare na yi, wutsiyar ce kawai ta rage a hannuna gangar jikin ta tafi. Daga baya na koma cire RNA na ribosom, wato masana'antar furotin ta ƙwayar halitta, in bar sauran, in kuma qPCR ne, dabarar ninka yanki don a auna yawansa, sai in auna ɗan gajeren yanki ƙasa da haruffa 100. Injin NanoString nCounter ma yana jure irin wannan samfur, don ƙirga gutsattsarin yake kai tsaye ba sai an ninka su ba, kuma yana ɗaukar ƙwayoyin gado har 800 a tashi ɗaya.

Wani zai ce to me ya kai ku, ku nemi sabon nama mana. Sabon nama bai san ƙarshen labari ba. Bulon da ya shekara goma sha a kan kanta yana da fayil, an san maganin da aka ba mai shi, an san ko cutar ta dawo ko ba ta dawo ba. Haka aka tabbatar da Oncotype DX a 2004, gwajin kansar mama mai ƙwayoyin gado 21, guda 16 na cutar 5 na daidaita awo, da bulo na matan da suka shiga binciken NSABP B-14 tun shekarun 1980, yau da shi likitoci ke yanke ko mace na buƙatar kemo.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yawancin bulon babu inda aka rubuta awa nawa naman ya yi a fomalin. Na mama ƙa'idarsa awa 6 zuwa 72, amma wanda aka jefa ana shirin hutu Allah kaɗai ya san kwanansa a kwalba. Na ƙashi kuwa in da asid aka tausasa shi RNA ɗin ya riga ya tafi, tausasawa da sinadarin EDTA ne ke da dama-dama. Akwai guda biyu na ƙashi a layin gobe, tun yanzu gabana ke faɗuwa.