Minti 14 na haɗa, minti 2 aka kalla

Jiya na karɓo sakamakon ƙarshe, C aka ba ni a furojet, wato aikin kammala karatuna na fasaha. To tunda yanzu ba mai riƙe min maki, bari in amayar da abin da ke cikina.

Aikina bidiyo ne mai allo uku a kan marinar Ƙofar Mata, wata huɗu ina zirya Kano. Allon hagu hannun marini na tsoma zane a baba, na dama mabuga, na tsakiya kuma zanen kawai, ya fito daga rijiya kore-kore iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka. A minti na 9 ne ukun ke haɗuwa, bugu ya sauka daidai lokacin da shuɗin ya kama, wallahi saboda wannan sakan ɗin kaɗai na yi sati biyu ba barcin kirki a kan Premiere, manhajar tace bidiyo.

Wautar da na tafka ita ce ban taɓa gwada shi a zauren baje koli ba, a laftof ɗina kawai nake kallo ina jin daɗi. Ranar nuni na soka filas uku a talabijin uku na aro, ni da abokaina biyu muka danna rimot tare, ya tafi sumul. Ashe kowace talabijin da irin jinkirinta kafin ta maimaita bidiyo, wata nan take wata sai ta ɗan yi tunani, kafin mai jarrabawa na waje ya iso wajen azahar allon dama ya wuce sauran da kusan sakan 40, ana bugu a banza zane na can cikin ruwa. Ga shi maganin bai taka kara ya karya ba, in fitar da fayil ɗaya mai faɗin fiksel (ɗigon hoto) 5760 da tsayin 1080, wato faɗin allo uku a jere, kwamfuta ɗaya ta raba wa allunan, shi ke nan. Wannan laifina ne na ɗauka.

Abin da ban ɗauka ba shi ne na Malam, mai duba min aikin. Mutumin da ya yi shekara yana sa hannu a takarduna bai taɓa zama ya kalli aikin daga farko zuwa ƙarshe ba, ranar ma minti biyu ya tsaya, ya juya ya ce wa baƙon "wannan ai sai Kannywood". Aka yi dariya. Bai ma lura allunan sun saɓa ba fa! Shi in ba fenti a kan kyalle ba to ba fasaha ba ce, alhali tun 1963 Nam June Paik, mai fasahar bidiyo ɗan asalin Koriya, ya jera talabijin a baje koli a Wuppertal ta Jamus. Ƙannena masu tasowa, kafin ku yarda da mai duba muku aiki ku tambaye shi bidiyon da ya taɓa kallo har ƙarshe, ba zagi ba ne.

Sauran kuwa kun sani, a ajiye fayil wuri biyu, kuma in ƙarƙashin ƙwan NEPA za ku ɗauka ku sa kyamara ta riƙa ɗaukar hoto 25 a sakan, don wutarmu 50Hz ce (sau 50 take juyawa a sakan), a 30 hoton rawa yake.

Na tura wa marinan ta WhatsApp. Wani dattijo a cikinsu ya kira ni ya ce ya kalla tas sau biyu, amma wai me ya sa na yanke wurin da ake zuba toka.