Wanzami, haƙori da ƙwayar Baba

Talata, 17 ga wata

Yau ban je makaranta ba. Ina ɗaura agogo da hantsi sai na ji sallamar Baffa a zaure, tare da wata murya da na sani tun ina yaro. Wanzaminmu ne, da zabirarsa a rataye. Baba ya kwana biyu yana fama da haƙori, na can ciki a ƙasa, ciwon ya hau kunne ya gangara ƙeya. Baffa, wanda yayan Baba ne kuma ba a cika ja da shi ba a gidan nan, ya yanke cewa mataccen jini ne ya taru, a yi ƙaho a ƙeya a huta. Ga shi yau 17 ga wata, ɗaya daga ranakun da aka fi so a yi ƙaho. Har an shimfiɗa tabarma.

Bara ne, bayan sallar asuba, bakin Baba ya karkace, hannunsa na hagu ya ƙi ɗaguwa. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna gudan jini ne ya toshe wata ƙaramar jijiya. Allah ya taƙaita, hannun ya dawo, maganar ma ta dawo. Likita ya sa shi a kan asfirin da kulofidogirel tare na mako uku, daga nan ya cire asfirin ya bar masa kulofidogirel, wanda wasu suka fi sani da Plavix, miligiram 75, ƙwaya ɗaya kullum. Ni nake ba shi bayan karin kumallo, shi ya sa duk abin da ya shafi maganin nan ni ake kallo.

Yadda aka yi mini bayani, a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filatilet. Da an ji rauni sai su ruga wurin su manne da juna, kamar masu yaɓe da suka ga tsaga a katanga. Aikin alheri ne idan yanka aka yi. Amma idan bangon jijiya ya yi kaushi saboda hawan jini da kitse da shekaru, sai su taru a can ciki inda ba a gayyace su ba, su tare hanya. Ƙwayar Baba tana rage musu wannan mannewar. To ita ba ta san bambancin jijiyar ƙwaƙwalwa da tsagar aska ba, duk inda jini ya fito sai ya ɗauki lokaci kafin ya tsaya.

Na durƙusa na gaida su, na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, likita ya ce kada a tsaga jikinsa sai an tambaye shi."

Ya dube ni ya ce, "To ka ɗauke masa ƙwayar yau da gobe mana, jibi a yi. Wannan ma abin wahala ne?"

Nan ne mutane da yawa ke shiga rami, kuma ba don rashin hankali ba, don lissafin a ido daidai yake. Sai dai filatilet ɗin da maganin ya taɓa ba ya dawowa yadda yake har ya mutu, kuma rayuwarsa kwana 7 zuwa 10 ce. Sai ɓargo ya ƙera sababbi kafin jini ya koma yadda yake da. Tsallake kwana biyu bai isa ya wanke shi ba. Baffa ya ce to a bar shi mako guda. Na ce a wannan makon Baba zai zauna ba kariya, abin da ya same shi bara yana iya dawowa, kuma ba kowane karo yake zuwa da sauƙi ba. Masu ƙarfen buɗe jijiya a zuciya ma nasu ya fi tsanani, daina sha ba da izini ba yana iya toshe ƙarfen gaba ɗaya. Idan tiyata ta kama, likitoci kan dakatar da shi kwana 5 zuwa 7, amma su ne ke auna abin, su faɗi ranar tsayawa da ranar komawa.

Wanda ya raba gardamar shi ne wanzamin. Ya ce shi da kansa yanzu kafin ya ɗora ƙaho sai ya tambayi dattijo ko yana shan maganin tsinka jini, domin ya taɓa yin wanda ya jiƙa tsumma bayan tsumma. Ya ce, "Alhaji, yaron nan ya fi mu gaskiya yau." Baffa ya yi shiru irin nasa, wanda ba yarda ba ne. Ni ban raina ƙaho ba, na ga waɗanda suka ji daɗinsa, amma ba zan yarda a gwada shi a ƙeyar mahaifina yana kan wannan magani ba. Don kada bawan Allah ya koma haka nan, ya yi wa Baba gyaran fuska a hankali, na ba shi na goro.

Kafin ƙarfe 11 muna wurin likitar haƙori. Na miƙa mata kwalayen magungunan gaba ɗaya, domin na lura faɗin suna da baki yana kawo ruɗani, wani ya ce "ƙaramar ja ɗin nan" alhali kamfani goma ke yin ƙaramar ja. Ta tambayi yaushe abin ya same shi, ta auna hawan jininsa, ta duba bakin ta ce haƙorin ya ruɓe har saiwa, ba ya ciko sai cirewa. Na ɗauka za ta ce mu je mu dakatar da ƙwayar mu dawo. Sai ta ce a'a, don haƙori ɗaya ba a dakatarwa, jinin da zai fito a baki tana ganinsa kuma tana da hanyar tsayar da shi, amma gudan da zai tafi ƙwaƙwalwa ba ta da iko da shi. Ta yi allurar kashe zafi, ta cire, ta cusa wani ɗan soso mai taimaka wa jini ya daskare, ta yi ɗinki, ta ba shi auduga ya ciza na rabin awa. Ba ta sallame mu ba sai da ta ga ya tsaya. Sharuɗɗanta: yau kada ya kurkure baki, kada ya riƙa tofar da yawu da ƙarfi, ba abinci mai zafi, ba asuwaki a wurin. Baba ya yi tambayar alwala da hannu, ta ce ya sa ruwan a hankali ya bar shi ya zubo da kansa. Na zafi kuma farasitamol kaɗai.

Wannan "kaɗai" ɗin na ga amfaninsa a kemis ɗin bakin titi. Ina cewa haƙori aka cire, yaron shagon ya fara ɓallo ƙwayoyi daga kati daban-daban zai yi mini haɗi. Na tambaye shi me da me, ya ce akwai daikulofenak da ibufurofen, su ne ke kashe ciwon haƙori nan take. Gaskiya ya faɗa, suna kashewa. Amma suna cin bangon ciki, kuma idan suka haɗu da ƙwayar Baba, zubar jini a ciki ba ta da nisa. Abin da ya fi ba ni tsoro da haɗi shi ne an raba ƙwaya da kwalinta, ko likita aka kai wa ba lallai ya gane me aka sha ba. Haka garin ciwon kai na sacet da ake sayarwa ko a teburin mai shayi. Alabukun, misali, asfirin ne miligiram 760 da kafeyin, wato ninki goma na ƙaramin asfirin mai 75 da ake ba masu ciwon zuciya. Ga mai lafiya wata magana ce, ga Baba kuwa a'a. Na karɓi farasitamol na fito.

A gida Inna ta kawo tata gudummawar. Ta ce tunda bai ci abin kirki ba, a ba shi maganin olsa ɗinta kada cikinsa ya ɗauki zafi. Omefirazol ne. Likitan Baba ya riga ya ja mini kunne a kansa: kulofidogirel sai hanta ta sarrafa shi kafin ya fara aiki, omefirazol kuma yana rage wa hantar wannan aikin, sai maganin ya yi rauni. Idan ana buƙatar kare ciki akwai irinsa da ba ya yin haka sosai, kamar fantofirazol, amma likita ne zai rubuta. Inna ta ce ni dai komai sai na ce likita. Na ce haka ne.

Bayan la'asar Baffa ya dawo dubiya, ya sauko. Har ya ja ni gefe ya ce tunda ƙwayar nan tana hana shanyewar jiki, in sayo masa ko asfirin ne ya riƙa sha, shi ma ya haura 70. Na gaya masa abin da na karanta: a 2018 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Ostireliya da Amurka kan tsofaffi fiye da 19,000 masu lafiya, rabi suna shan asfirin miligiram 100 kullum. Bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai zubar jini mai tsanani da ya ƙaru. Wanda abin ya taɓa samu, ribar maganin ta fi haɗarinsa. Wanda bai taɓa samu ba, sau da yawa lissafin juyewa yake. Kuma shanyewar jiki iri biyu ce, akwai ta toshewa, akwai ta fashewar jijiya. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya samu kusan ɗaya cikin uku na fashewa ne, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo su. Shi ya sa nake jin haushin masu ɗura wa mutum asfirin da zarar ya faɗi, kafin a ɗauki hoto. Idan jijiya ce ta fashe, ƙara masa aka yi. Na ce, "Baffa, ku abin da ya kamace ku shi ne awon hawan jini." Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Na ce Baba ma haka yake cewa.

Da magariba Inna ta ƙwala mini kira, ta ga ja a matashin Baba. Na duba da fitila, yawu ne ya gauraya da ɗan jini, ba zuba yake ba. Na naɗe auduga mai tsabta na ɗan jiƙa ta, ya ciza na minti 20 yana zaune, ban bari ya buɗe ya duba ba. Ya tsaya. Don hankalinta ya kwanta na sake karanta mata takardar da na manna a bayan ƙofa, abubuwan da idan an gani ba a jiran gari ya waye: bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi, aman jini, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 15 ana matse hanci bai tsaya ba, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko ya faɗi ya bugu a ka ko da ya tashi ya ce ba komai. Ta ce wannan na ƙarshen shi ne aiki, don mutumin nan ko ya faɗi ba zai faɗa ba.

Ya sha koko mai sanyi da farasitamol. Ƙwayar gobe tana nan a kan lokacinta, likitar ta ce kada a tsallake. Saura kati ɗaya a kwali, na tura wa Yaya saƙo Kaduna ya turo kuɗin na wata mai zuwa kafin ya ƙare. Baffa kuma da zai tafi ya ce zai je awon jinin ranar Alhamis. Na san hali, sai na je da babur na ɗauko shi.